Wata uku ina gyaran lokacina a wurin aiki, amma ban san ko na ci gaba ba

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Katsina ne, shekarata 29, ina zaune a Agege, Legas, ina aikin akawu a wani kamfanin jigilar kaya da ke Apapa. Aikina shirya takardun kaya, bin direbobi a waya, da tura wa kwastomomi takardar biya. Wata uku da suka wuce manajanmu ya ba ni takardar gargaɗi, wai ina makara kuma aiki yana kwana a hannuna. Tun ranar na ɗaura ɗamara. Ƙarfe 4:30 nake tashi, na sauke manhajar tsara aiki a waya, kullum ina rubuta abin da zan yi, har tsarin nan na aikin minti 25 a huta minti 5 na gwada. Wata rana in ji kamar na zama sabon mutum, wata rana in ga jiya i yau. Makon da ya wuce oga ya ce da ni a gaban mutane har yanzu ina nan yadda nake. Maganar ta tsaya mini a rai, kuma ban iya musa masa ba, don ni kaina ban sani ba ko gaba nake yi ko wahala kawai nake sha. Saura wata biyu a zauna a duba aikin kowa. Ta yaya mutum zai gane cewa da gaske yana gyaruwa?

Ƙaninka, daga Agege.

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Ka yi shiru a gaban oga ne saboda ba ka da shaida a hannu. Shi ma da za a tsare shi a ce ya kawo tasa, da wuya ya kawo. Ku biyun duk da abin da kuke ji a ranku kuke magana, sai dai shi ne mai kujera, don haka nasa jin ya rinjayi naka. Abin da mutum yake ji game da ƙoƙarinsa kuwa ba abin dogaro ba ne. Ranar da ka samu barci kuma hanya ta buɗe, za ka ji ka gyaru. Ranar da motarku ta tsaya cak a Mile 2 ana ruwa, za ka ji wata ukun nan duk a banza suka tafi. Alhali aikin da ya fita daga hannunka a ranakun biyu yana iya zama ɗaya.

Ka taɓa tsayawa kusa da dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 da sanyin safiya? Mota ta iso daga Arewa, 'yan dako suna sauke kwanduna, mata masu sari sun kewaye shi kowa da bakinta. A aljihun gaban rigarsa akwai ɗan littafi da ya yi laushi saboda gumi, biro kuma a soke a gefen hula. Kwando nawa aka sauke, nawa wance ta ɗauka, nawa ta bayar, nawa ya rage a kanta. Mutum ne mai kai, ya san fuskar duk mai saye a wurinsa, amma a kan kuɗi ba ya yarda da ƙwaƙwalwarsa. Ka tambaye shi ko bana ta fi bara, ba zai ce maka "ina jin" ba, littafin zai zaro. Irinsa kake buƙata. Abin da kake rubutawa yanzu jerin abin da kake niyyar yi ne. Wanda ya rage maka shi ne rubutun abin da ya faru.

Za ka ce ai wata uku sun riga sun wuce, ba ka rubuta yadda kake a da ba, to da me za ka gwada? An rubuta maka, ba ka lura ba ne. Buɗe WhatsApp ɗinka da akwatin imel na ofis, ka koma wata huɗu ko biyar baya, kafin takardar gargaɗin. Kowane saƙo yana ɗauke da rana da lokaci. Nemo inda oga ko kwastoma ya ce a turo masa abu, ka nemo inda ka tura, ka rubuta tazarar da ke tsakani. Ka yi wa ayyuka ashirin haka, ba tare da ka zaɓi waɗanda za su faranta maka rai ba, ka bi su a jere yadda suka zo. Sannan ka ɗauko ashirin na makonni uku da suka wuce ka yi musu irin wannan. Idan ofishinku yana da rajistar sa hannu da safe ko na'urar dangwala yatsa, roƙi mai kula da ita ya bar ka ka kwafi lokutan zuwanka na watannin nan. Aikin yammacin Lahadi ɗaya ne. Kafin ka kwanta ranar za ka san amsar tambayar da ta hana ka sukuni, ko da amsar ba ta yi maka daɗi ba.

Daga nan sai littafi. Na 'yan makaranta mai arha ya isa, wanda zai shiga aljihu. Na fi son takarda a kan waya a wannan aikin, domin wayar da za ka buɗe don rubuta layi ɗaya ita ce ke ɗauke da saƙonni arba'in da ke jiran ka, kuma ka san yadda ake ƙarewa. Amma in ka fi sakewa da manhajar, ba zan yi jayayya da kai ba, muddin za ka iya ganin mako huɗu a jere a cikinta.

Abin da za ka riƙa rubutawa kaɗan ne, kuma kashin bayansa alkawari ne. Duk aikin da ka ce wa wani za ka miƙa a lokaci kaza, ko aka yanka maka lokaci ka amsa, alkawari ne. Ka rubuta aikin, da lokacin da ka ce, da lokacin da ya fita. A gefe ka sa minti nawa ka zaci zai ci da nawa ya ci. In ya saɓa, kalma ɗaya ta isa bayani: "ni", ko "wani", ko "gari". A saman shafi kuma lokacin da ka fita daga gida, lokacin da ka isa, da lokacin da ka kwanta jiya. Ga yadda shafin wata Talata zai iya kasancewa:

Kwanciya 11:15. Fita 5:40, isa 7:55. Takardar biya ta kamfanin B, na ce minti 30, ta ci awa 1 da minti 10, ta fita kafin Azahar kamar yadda na ce. Takardun motoci biyu masu zuwa Kano, na ce yau, ba su fita ba, ana jiran sa hannun akanta, wani. Tura hotunan kwantena, na ce ƙarfe 2, sun tafi 3:30, babu sabis, gari. Rahoton mako, na ce yau, ban taɓa shi ba, ni.

Ka ga ba wani dogon labari. Kada ka rubuta cikakken sunan kwastoma ko lambar kwantena a littafin da kake yawo da shi cikin danfo, harafi ɗaya ya wadatar, don sirrin kamfani amana ne a wuyanka.

Kalmomin nan uku su ne inda za ka fi shan gwaji, domin a nan ne mutum yake yi wa kansa ƙarya cikin ruwan sanyi. Mazaunin Legas kullum yana da uzuri a shirye, kuma uzurin gaskiya ne: gosulo, ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, sabis ya gudu, ruwa ya cika titi. Wanda ke son kare kansa sai ya zuba komai a "gari". Akwai kuma irinka, da na lura daga wasiƙarka kana da saurin ɗora wa kanka laifi, wanda zai zuba komai a "ni", har da abin da ko waliyyi ne a kujerar ba zai iya hanawa ba. Duka biyun ɓata lissafi ne. Ƙa'idar da zan ba ka ita ce: in abin ya zo ba zato, na gari ne. In kuwa ka san yana faruwa kusan kullum amma ba ka yi masa tanadi ba, ya dawo naka. Gosulon da tirela ta faɗi ta haddasa na gari ne. Gosulon safiyar Litinin, wanda ko yaron da ke tallan ruwa a Oshodi ya san da zuwansa, naka ne. Sa hannun akanta na "wani" ne idan ka kai masa takarda da safe. Idan sai ƙarfe huɗu saura ka ajiye masa, alhali ka san yana fita banki da yamma, kada ka rubuta "wani".

Yaushe za ka riƙa rubutawa? Kada ka bari sai dare, lokacin ka gaji kuma ƙwaƙwalwa ta riga ta gyara labarin yadda zai yi mata daɗi. Allah ya riga ya yanka maka yini gida-gida. A Legas lokutan salla ba sa motsi sosai duk shekara, Azahar tana shiga tsakanin 12:30 da ƙarfe 1, La'asar wajen ƙarfe 4. Kafin ka tashi alwala ka ɗauki minti biyu ka cike abin da ya gabata, haka a La'asar, haka kafin ka rufe kwamfuta. Sau uku ke nan, kuma ba ka buƙatar ƙararrawar waya ta tuna maka.

Batun "na zaci" da "ya ci" kada ka raina shi, don ina kyautata zaton a nan rabin matsalarka take. A 1979 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka bayyana wata ɗabi'a da kusan kowa ke da ita: in aka tambayi mutum tsawon lokacin da aiki zai ɗauke shi, sai ya faɗi ƙasa da gaskiya, ko da ya sha yin irin aikin ya ga yadda yake ja. Dalili shi ne yana hango aikin ne a ranar da komai ya tafi daidai, ba wanda ya kira shi, firinta ba ta cije takarda ba. Maganin da suka nuna shi ne mutum ya daina tambayar zuciyarsa, ya dubi tsawon da irin wannan aikin ya ci a baya. Littafinka zai ba ka wannan. Bayan mako biyu za ka ga, misali, takardar biya da kake ce wa ta minti 30 ba ta taɓa cin ƙasa da minti 50 ba. Daga ranar, in oga ya ce yaushe, sai ka faɗi abin da littafi ya nuna. Mutane da yawa da ake kira masu jinkiri saurinsu daidai yake da na kowa, bakinsu ne ke yanka musu wa'adin da hannunsu ba zai iya cikawa ba. Mu kuma muna da ƙarin nauyi a nan, kunya. Babba ya ce "zan samu yanzu?", sai ka ji bakinka ya ce "yanzu-yanzu, oga", alhali akwai ayyuka uku a gabansa. Ka ga ka faranta masa na minti ɗaya, ka saya wa kanka sunan mai saɓa alkawari na wata guda. "Ƙarfe biyu za ka samu" ba rashin ladabi ba ne, in dai ƙarfe biyun ya same shi a teburinsa.

Ranar Asabar da safe, ko duk lokacin da kake da natsuwa a ƙarshen mako, ka zauna da littafin na kwata ɗaya. Lambobi uku kawai za ka fitar ka rubuta a shafin ƙarshe: alkawari nawa ka ɗauka kuma nawa ka cika a kan lokaci, kwana nawa ka isa ofis kafin lokacin shiga, sannan cikin waɗanda suka saɓa nawa ne "ni". A ce makon farko alkawari 22, an cika 13, kwana 3 cikin 5 ka isa da wuri, "ni" guda 6. Ka rubuta, ka rufe. Kada ka yanke wa kanka hukunci da mako ɗaya, mai kyau ne ko mummuna. Sai layuka huɗu sun jeru sannan ka duba inda suka dosa. Kuma ka gwada abu da irinsa. Makon ƙarshen wata, da ake rufe lissafi, ba a gwada shi da makon tsakiya. Yuni da Yuli, da ruwa ke tsuga a garin nan, ba a gwada su da Janairu. Watan azumi lissafinsa daban, haka ƙarshen shekara da kaya ke yawa a tashar jiragen ruwa. In lambobinka sun tsaya inda suke a makon da aiki ya ninka, wannan ma ci gaba ne, ko da ba ya kama da shi.

Akwai abubuwan da ba na so ka ƙirga. Na farko yawan ayyukan da ka soke a jerinka. Duk wanda ya mayar da wannan ma'auninsa, ba ya daɗewa sai ya fara cika jerin da ƙananan abubuwa don daɗin sokewa: kira wane, goge tebur, duba imel. Ya soke goma sha biyar ya tafi gida da farin ciki, rahoton da ake jira yana nan kwance. Haka yawan awannin da ka yi a ofis. Wanda ke kaiwa ƙarfe takwas na dare kullum yana iya zama mai himma, yana kuma iya zama wanda ya kashe safiyarsa a hira. In ma dai za ka lura da lokacin tashinka daga aiki, to ka so ya riƙa matsowa kusa da lokacin tashi na ƙa'ida alhali alkawuran suna cika. Sannan ka kula da wata dabara da zuciya za ta kawo maka da zarar ka fara ƙirga alkawari: ka riƙa ba kowane aiki wa'adi mai nisa don kada ka taɓa saɓawa. Takardar da ke cin awa ɗaya ka ce sai jibi. Lambarka za ta yi kyau, amma a harkarku kwana ɗaya na jinkiri kuɗi ne, dimorej, wato tarar jinkirin ɗauke kaya, yana hawa kan kwantena, direba yana zaune yana cin kuɗin abinci. Wa'adin gaskiya shi ne abin da littafi ya nuna da ɗan ƙari kaɗan saboda halin yau da gobe.

Tsarin minti 25 da ka gwada, in bai karɓe ka ba kada ka ga laifin kanka. Wani ɗan Italiya ne, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibin jami'a, don ya tsare kansa a kan karatu. Ɗalibi da littafinsa ba wanda ke kiransa daga ƙofar tasha yana cewa an hana mota shiga. Aikinka na katsewa ne, rabinsa amsa kira. Abin da zai fi yi maka amfani shi ne ka gano, daga littafin, wane lokaci ne waya ta fi yin shiru, ka ajiye aikin da ke son natsuwa a nan. Ga yawancin masu irin aikinka sa'ar farko ce bayan isowa. In ka kashe ta a gaisuwa da karanta saƙonnin da ba na gaggawa ba, ba za ka sake samun irinta ba sai gobe.

Yanzu bari in yi wani hasashe, ka gaya mini in na yi kuskure. A kamfanin jigila a Apapa, direbobi da yaran mota da yawa 'yan Arewa ne, ma'aikatan ofis kuwa galibi Yarabawa ne da Ibo. In kai ne Bahaushen da ke ofis, to kai ne tafinta, ko an rubuta a takardar ɗaukarka aiki ko ba a rubuta ba. Direba ya samu matsala da lambar shiga tasha ta Eto, tsarin da hukumar tashoshin jiragen ruwa ta kawo a 2021, kai za a miƙo wa waya. An yi saɓani kan kuɗin hanya, a kira ka. Wani ɗan garinku ya zo neman a sa baki a ɗauke shi yaron mota, wurinka zai zauna, kuma ba za ka iya korarsa ba. Wannan duk aiki ne, har ma yana cikin abin da ke tafiyar da kamfanin, amma ba ya fitowa a ko'ina. Oga yana ganin ka a tsaye a bakin ƙofa kana Hausa da direbobi, a ransa hira kake. Don haka ka ware gefe ɗaya a shafin kowace rana, duk lokacin da aka tashe ka daga aikinka ka ja ɗan layi, ka sa kimanin mintin da ya ci. Ka bambanta wanda ofis ya sa ka da wanda zumunci ya jawo. Na zumuncin, kai za ka yi masa iyaka, cikin mutunci: "Ɗan'uwa, bari in sallami wannan, mu haɗu bayan Azahar." Ba wanda zai ce ka yi girman kai don ka ce bayan Azahar. Na ofis kuwa, in ka tara ka ga yana cin awa ɗaya da rabi ko biyu a yini, ka samu magana mai nauyi da za ka kai gaban manaja.

Hanya ma a sa ta a awo. Daga Agege zuwa Apapa tafiya ce, ko ta Oshodi da Mile 2 ka bi ko ta Ijora. Tun Yunin 2022 gwamnatin jiha ta haramta acaba a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa, don haka ɗan acaban da ke ceton wanda ya makara a da, yanzu hawansa neman wata fitinar ne. Lokacin fita da na isa da kake rubutawa za su nuna maka abin da ba ka zata ba. Sau da yawa bambancin minti 15 a fita yana zama bambancin minti 40 a isa, saboda akwai lokacin da titi ke cika, wanda ya riga shi ya wuce, wanda ya biyo bayansa ya shiga ciki. Nemo wannan lokacin a hanyarka. Kuma ka tsara fitarka da ranar da ta fi muni a mako, kada ka tsara da ranar da ka yi sa'a. Jirgin ƙasan Red Line, da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, yana tsayawa a Agege ya sauke a Oyingbo. Duba jadawalinsa na yanzu, in ya dace da lokacinka ka gwada shi mako guda, ka rubuta kuɗi da lokaci har zuwa ƙofar ofis, sai ka gwada da na mota. Gani ya kori ji.

Sai maganar oga. Ka sani suna yana daɗewa bai bi hali ba. Wanda aka sani da makara, ranar da ya zo da wuri ba mai gani, ranar da ya makara kowa ya gani. Manajanka yana kallon ka ne da idon wata uku da suka wuce, kuma ba lallai mugunta ce ba, hankalinsa yana kan abubuwa hamsin. Abin da ya yi na faɗa maka magana a gaban mutane bai kyauta ba, amma kada ka je masa da littafi kamar mai shigar da ƙara. Bari ka tara mako huɗu ko biyar. Sannan ka nemi minti goma a lokacin da yake shi kaɗai, ka kai masa shafi ɗaya tak, an buga shi tsaf: yadda lambobin suke kafin gargaɗi, yadda suke yanzu, da inda har yanzu kake da rauni. Wannan na ƙarshen kada ka ɓoye shi, shi ne zai sa ya yarda da sauran. Ka ce masa tun da ya yi maka magana kake bin abin a rubuce, ga inda ka kai, kana so ya nuna maka abin da ya fi damunsa don ka sa shi gaba. Mai yiwuwa ka tarar duk ƙorafinsa a kan abu ɗaya ne, wataƙila rahoton mako da shi ma ake jiran sa da shi a sama, kai kuwa kana can kana gyara abubuwa goma da bai ma lura da su ba. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku. Maganar lahira yake yi, amma wanda zai shiga zaman duba aiki nan da wata biyu ma ya ɗauki rabonsa a ciki.

Idan kuma lissafin ya nuna oga ne mai gaskiya, ba ka motsa ba? To ba a mutu ba. Ka bi duk inda ka rubuta "ni", ka ga wanne ya fi maimaituwa. Za ka tarar ba su da yawa, abu ɗaya ne ko biyu ke dawowa da kaya daban-daban: aikin da kake tsoro kana tura shi yamma, ko amsa "to" ga kowa. Ɗauki ɗaya, ka sauya abu ɗaya a kansa na mako biyu, ka ga ko lamba ta motsa. Kuskuren wata ukun nan shi ne ka sauya komai a lokaci guda, tashi da manhaja da jeri da minti 25, yanzu ko an samu gyara ba ka san wanne ya kawo shi ba, balle ka san wanda za ka ajiye ka huta.

Na sa ka rubuta lokacin kwanciya ne da gangan. Ka ce kana tashi 4:30, ba ka faɗi lokacin da kake kwanciya ba, kuma wanda ya taso daga Apapa da yamma na san ba da wuri yake ganin Agege ba. Likitoci suna cewa baligi yana buƙatar barcin aƙalla awa 7. In kana kwanciya sha ɗaya, biyar da rabi kake samu, kuma mai irin wannan barcin yana yin aikin minti 30 a awa ɗaya, ya yi kuskure a lamba, ya sake bugawa. Ka duba ranakun da "ni" ta fi yawa, ka dubi saman shafin. In ka ga suna bin daren da ka yi gajeren barci, to ba sabuwar manhaja za ta yi maka magani ba. Ko dai ka datse hirar dare da waya, ko ka yi abin da ma'aikata da yawa ke yi a garin nan: ka nemi wurin kwana kusa da aiki daga Litinin zuwa Alhamis, wurin ɗan'uwa ko ku haɗa kuɗin ɗaki da wani a wajen Ijora ko Ajegunle, ka riƙa komawa Agege ranar Juma'a. Kafin ka ce ba za ka iya ba, tara kuɗin motar da kake kashewa a wata ka ajiye shi kusa da kuɗin ɗakin.